Injin Teleks da Hannun Babana

Shekarun baya, ina cikin shekarata ta biyu a wani ofishin kago, masu aika kaya ƙasashe, da ke Deira a Dubai, mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ɓarin dama. Ƙafar ta dawo da wuri, har yana takawa masallaci da sanda, amma hannun ya tsaya cak, bakin kuma ya yi nauyi, magana sai ya jawo ta kamar mai jan guga a rijiya mai zurfi. Yayyena suka haɗa kai suka turo min shi Dubai, wai tunda ina nan a gwada gashin asibitocin nan. Ni ce autarsa, kuma sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa tun ina ƙarama Uwata yake ce min. Na bar masa ɗakina a fulat ɗin da muke haya ni da ƙawata a Al Nahda, na koma kwanan falo.

Waɗanda suka san ni sun san ba ni da haƙuri. Ni ce mai danna lifta sau biyar. Ni ce mai ƙarasa wa mutum maganarsa tun bai kai tsakiya ba. To ku haɗa mai wannan hali da tsohon da kalma ɗaya take cin masa numfashi uku.

Matar da ke masa gashi ba ta ɓoye min komai ba. Ta ce in bai riƙa motsa yatsun nan kullum ba, nan da 'yan watanni za su ƙage, kuma in sun ƙage shi ke nan. Ta ba shi wani jan ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Baba ya kalli ƙwallon, ya kalle ni, ya ce, "Na ƙi."

Abin haushin, duk cikin maganganunsa wannan ce kaɗai take fita tar, ba gargada. Baba matsa ƙwallon: na ƙi. Baba riƙe cokalin da dama: na ƙi. Baba mu sauka ƙasa ka sha iska: na ƙi. Wata rana na matsa masa, ya daɗe yana haɗa kalmomin sannan ya ce, "Ni... yaro... ne?" Na ce, "Yaro ma ya fi ka jin magana." Na faɗa, ba zan yi muku ƙarya ba. Ya juya fuskarsa bango, hannun yana kan cinyarsa kamar kayan aro. Daga ranar kalmarsa ta biyu ta zama "Gida."

Ana cikin haka maigidanmu ya sa a kwashe tsohon sito na bayan ofis. A can ƙasan buhuna da kwalaye aka jawo wani ƙaton ƙarfe, kamar keken rubutun da ya ci ya ƙoshi, da waya tana reto a bayansa. Masu dako suna shirin kai shi wurin 'yan gwangwan. Na ɗauke shi hoto don kawai in samu abin dariya a gida. Da yamma muna cin abinci na miƙa wa Baba wayar, na ce, "Ga sa'anka nan an tono."

Ya karɓa da hagu. Ya kawo ta dab da idonsa. Ya daɗe. Sannan ya ce, "Teleks."

Na san dai a sama-sama cewa yana saurayi ya yi aiki a wani kamfanin fatu a Kano, amma ban taɓa tambayar wane aiki ba. Ashe shi ne mai buga teleks ɗinsu. Ga yaran yanzu: kafin wayar hannu, injin nan ne mai kai saƙon 'yan kasuwa. Ka buga rubutu a Kano, wani injin irinsa a wata ƙasa ya rubuta shi a takarda da kansa, ta cikin wayar tarho. Tsofaffin 'yan kasuwar Deira duk da shi suka yi odar kaya.

Baba ya ajiye wayar ya ce, "Kawo shi."

Wata biyu ban ji ya nemi komai ba sai gida. Washegari na tare maigidanmu tun bai zauna ba. Ya ce, "Wannan? Ɗauki, khalas, kin rage min aiki." Tasi biyu suka ƙi ɗauka, sai da na samu mai a-kori-kura, maza biyu suka hau da shi suna nishi. Muka ɗora shi a kan teburin cin abinci. Ƙawata ta zagaya shi ta ce, "To mu kuma a ina za mu ci, a kansa?"

Baba yana bayi yana alwalar la'asar. Ni kuwa na ga waya, na ga soket a bango. Me ake jira? Na jona.

Injin ya yi gurnani na daƙiƙa biyu, sai ji kake tau! Wani farin hayaƙi mai warin ƙonannen takalmi ya turnuƙe falon. Ƙawata ta suri gyalenta ta yi waje tana salati, ni ina fifita hayaƙin da faifai kar ƙararrawar gobarar bene ta tashi a tara mana jama'a. Na juya, ga Baba a bakin ƙofa, ruwa yana ɗiga daga gemunsa, yana dariya da rabin bakinsa har da hawaye. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin ciwon.

"Uwata," ya ce. "Gaggawa."

Ranar ya kafa min dokarsa, kalma huɗu, yana ƙirgawa da yatsun hagu: "Ido. Hanci. Hannu. Wuta." Wato ki duba, ki shinshina, ki juya motar da ke cikin injin da hannu ki ji ko wani abu ya cije, sai a ƙarshe ki ba shi wuta. Ni na fara daga ƙarshe, kamar yadda na saba.

Muka cire murfin. Ya nuna min da biro, na bi warin da hancina har na kai ga wani ɗan abu kamar dabino, ya tsage gida biyu. Na yanke shi na kai wa wani mutumin Nijar mai gyaran rediyo da caja a wani lungu kusa da Murshid Bazaar. Ya juya shi a tafin hannu ya ce, "Kwandensa ce. Ah bon, Hajiya, wannan ai ta girme ki. Daga me kika ciro ta?" Na nuna masa hoton. Ya cire tabarau ya mayar. "Teleks! Kakan wayarki ke nan. Tsohonki ne mai ita? Wallahi sai na zo na gaishe shi." Ya ce irin waɗannan in sun shekara a ajiye bushewa suke yi, kuma in ɗaya ta fashe 'yan uwanta suna kan hanya, gara a canza su gaba ɗaya. Ranar hutu ya zo da jakarsa da ledar lemo, ya durƙusa ya gaishe da Baba, ya canza su ɗaya bayan ɗaya, Baba yana binsa da ido kamar mai gadin tukunya.

Sauran aikin nawa ne, don ni ce hannun Baba. Man da aka sa wa injin tun zamanin baya ya daskare ya zama kamar daddawa. Na ce a sayo gwangwanin feshi a fesa masa a huta. Baba ya ce, kun san me ya ce. Sai kananzir a murfin kwalba, da tsohon buroshin haƙori, da tsumma. Kowane ɗan ƙarfe a wanke shi, a goge, a ɗiga masa man keken ɗinki ɗigo ɗaya. Ɗaya fa. In na ɗiga biyu sai in ji biro a bayan hannuna. Sati uku, kullum na dawo daga aiki sai in zauna daga la'asar zuwa magariba, farcena baƙi ƙirin, ina mita, shi yana nuni. Ƙawata ta ce na fara warin gareji, ba mai aurena. Wani ɗan sifirin ya taɓa tsalle daga hannuna, muka yi minti arba'in a rarrafe muna nema, ashe yana cikin kwanon suga.

Ina goge maɓallan rubutun ne na lura ba su kai na kwamfuta yawa ba, kuma duk manyan baƙaƙe ne. Na ce, "Baba, ina ƙa mai lanƙwasa? Ina ɗa da ɓa?"

"Babu."

"To da yaya kuke rubuta Hausa?"

Ya ɗauki lokaci, ni kuma ranar Allah ya taimake ni na yi shiru. "Ƙasa... da kasa... ɗaya ne... a wurinsa. Mai karatu... shi ke... hankali."

Na ce, "Lallai, injin Turawa." Na wuce wurin. Ku riƙe wannan, don ni ban riƙe ba.

Ranar da muka ba shi wuta karo na biyu, bayan ido da hanci da hannu, motar ta tashi lafiya. Amma sai injin ya kama kakakakaka ba tsayawa, duk cikinsa yana rawa, bai rubuta ko harafi ɗaya ba. Na ce shi ke nan, mun yi wahalar banza, na kai hannu zan kashe. Baba ya ɗaga biro. Fuskarsa ko a jikinsa, kamar ma daɗi yake ji.

"Layi... a buɗe."

Mai gyaran ne ya fassara min da na kira shi. Injin nan an yi shi ne ya riƙa jin 'yar ƙaramar wuta tana zagayawa a layinsa kullum, ita ce shaidar cewa akwai wani a ɗaya ɓangaren. In ya ji ta, sai ya nutsu ya jira saƙo. In bai ji ba, sai ya yi ta surutu shi kaɗai. Na maimaita wa Baba, ya gyaɗa kai, ya nuna injin da biro, ya juyo da biron ya nuna ni. Ƙawata ta faɗi a kan kujera don dariya. Har yau in na fara faɗa sai ta ce, "Layi a buɗe."

Tunda babu sauran layin teleks da za mu jona, mai gyaran ya haɗa mana wani ɗan akwati da zai ba injin wannan wutar, ya riƙa aika wa kansa da kansa saƙo. Ya sa masa mita mai allura, ya ce a murɗa a hankali har allurar ta tsaya a kan arba'in. "Doucement, Hajiya, shwaiya shwaiya. Na san ki." Allurar tana kaiwa, injin ya yi tsit. Motar kaɗai ke ɗan huci. 

A wannan satin ne babban yayana ya kira daga Kano. Bizar Baba ta kusa ƙarewa. Yayan nawa ya ce in dai har yanzu Baba ba ya atisayen, ba amfanin a sabunta, a sa shi a jirgi ya dawo cikin jikokinsa. Ya ce in ba shi amsa kafin Alhamis. Matar asibitin da ke masa gashi kuma ta ce yatsu biyu sun fara tauri. Na san in ya koma a haka, hannun ya tafi ke nan, don a gida ba mai iya ce masa ya yi abin da ya ƙi.

Ranar Laraba da la'asar muka sa sabon ribin tawada da takarda. Baba ya ce in buga R da Y, R da Y, in cika layi, wai da su ake gwada lafiyar inji. Na buga. Abin da ya fito a takarda ko aljani ba zai karanta ba. Ya nuna min wani ɗan hannu a gefen injin, mai tafiya a kan lambobi kamar ma'auni. Ya ce in tura shi gefe ɗaya har inda injin zai fara ƙarya, in tura ɗaya gefen har inda zai sake farawa, sannan in tsayar a tsakiya. "Gaskiya... tana... tsakiya."

Ni da tsakiya kuwa ba ma shiri. In na tura sai in zarce, in na dawo sai in wuce. Sau shida. Na fara tsaki. Kawai sai na ji an ture hannuna. Na duba. Hannun dama ne. Yana rawa, yatsun a lanƙwashe, amma babban yatsa da manuni sun kama ɗan ƙarfen nan, suna matsar da shi kaɗan-kaɗan kamar mai zare ƙaya. Shi bai ma san ya yi ba, idonsa yana kan takarda. Na haɗiye ihun da ya taso min, na ci gaba da bugawa. Shirmen ya fara raguwa, ya ragu, sai ga RYRYRYRY sun jeru tsaf har ƙarshen layi kamar sahun salla.

Na ga dama ta samu. Na ce a raina tunda baki yana ba shi wahala, bari in tambaye shi da harshen da ya iya. Na buga: BABA ZA KA ZAUNA KA KARASA GASHIN.

Ya karanta. Ya jawo kujera. Ya tallafi hannun dama da na hagu, ya ɗora manuni a kan maɓalli. Maɓallan teleks ba irin na waya ba ne, sai ka danna da gaske. Ya danna, gumi yana tsattsafo masa. Harafi ɗaya, hutu. Harafi ɗaya, hutu.

NA KI

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Ka ƙi? Baba, ka ƙi? Sati uku ina shaƙar kananzir, farcena ya lalace, na bar maka gadona ina kwana a kujera kamar 'yar gudun hijira, na zama abin dariya a ofis, duk don hannunka, ka ce min ka ƙi? To khalas! Gobe zan kira Yaya, ka koma, hannun ya ƙage, ai naka ne ba nawa ba!" Ina faɗa ina kuka, majina da komai. Ƙawata ta fito daga kicin da ludayi a hannu tana cewa, "Ke, mahaifinki ne fa, ki ji tsoron Allah."

Sai ji muka yi ƙwal! Ƙwal! Ƙwal!

Ashe injin yana da ƙararrawa a ciki. Da ita masu aikin suke kiran hankalin na ɗaya ɓangaren in ya tashi daga kujerarsa. Baba ya danna ta sau uku yana kallona, irin kallon da yake min ina 'yar firamare in na katse manya. Ya nuna kujera da haɓa. Na zauna. Ya koma kan maɓallan. Ya fi minti biyar, kuma a rayuwata ban taɓa yin shirun da ya kai wannan tsawo ba. Da ya gama, ga abin da ke kan takardar:

NA KI HANNUN YA YI NA SA. SAURA NAWA

Naki. Naki hannun. Baba ɗan tsohuwar makaranta ne, tun fil azal a rabe yake rubuta naki da nasa, duk wasiƙun da ya rubuto min ina makarantar kwana haka suke. Injin kuma ba shi da lanƙwasa, ya riga ya gaya min. Mai karatu shi ke hankali. Ni ce dai na ji "na ƙi" sau ɗari, na ɗauki tawa lanƙwasar na maƙala wa maganarsa tun bai gama ba.

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Na share majina da bakin ɗankwali, na sake kallon layin, sai na ga ƙarshensa ma fuska biyu gare shi. Na ce, "Baba, saura naka hannun kake nufi, ko tambayata kake saura nawa? In tambaya ce, saura wata uku."

Ya yi dariyar rabin bakin nan. Ya ce, "Duka."

Na kira yayana tun kafin a kira magariba.

Baba ya zauna wata ukun. Matar asibiti da ta ga bidiyonsa yana bugawa ta ce a ci gaba, wannan ya fi abin da ta ba shi. Kullum da safe kafin in fita sai ya buga layi goma, in na dawo in tarar da takarda tana jirana: abin da ya gani ta taga, ƙorafin cewa miyar ƙawata ba gishiri, labaran mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, waɗanda ban taɓa ji ba. Mutumin da na ɗauka ciwo ya cinye masa magana, ashe tana nan cunkus, ƙofa ce ta yi mata ƙanƙanta, ni kuma ina tsaye a bakin ƙofar ina ƙarasa masa.

Hannun bai dawo duka ba, kar in yi muku daɗin baki. Ƙaramin yatsa ya tafi. Amma yana cin tuwonsa da dama, yana jan carbinsa, yana ɓalle maɓallin rigarsa, yana miƙa hannu a gaisa a masallaci, wanda na gane daga baya shi ne abin da ya fi damunsa tun farko. Yana Kano yanzu cikin jikokinsa. Injin yana nan a falona, don da na ce a saka masa shi a kago cewa ya yi naki ne, kuma wannan karon na bari ya kai ƙarshe. In muna waya na fara katse shi, ba ya faɗa, sai kawai ya ce, "Ƙwal." Sai in kama bakina.

Ban zama mai haƙuri ba. Jiya ma na danna lifta sau biyar. Abin da ya canza ɗan kaɗan ne: in mutum ya fara magana na ji raina ya riga shi zuwa ƙarshe, sai in tuna harafi huɗun nan, in tambayi kaina ko shi ya sa lanƙwasar ko ni. Sau da yawa ni ce. Takardar tana ninke a bayan murfin wayata, tawadar ta fara dusashewa.

Jan ƙwallon roba kuwa, har Baba ya hau jirgi bai taɓa shi ba. Wannan "na ƙi" ɗin da lanƙwasarta ta zo.